Uwar Raino a Keji na Sha Bakwai

Dokta ta sa an ƙara girman hoton a allon kwamfuta har sau biyu, amma layukan suna nan inda suke.

"Sake yi," ta ce.

"Na sake, Dokta. Wannan ne na uku."

Mai maganar ita ce ma'aikaciyar ɗakin gwaji, wadda kowa a cibiyar binciken yake kira Tabarau saboda kaurin gilashin idonta. Shekararta tara tana wannan aiki, ba a taɓa kama ta da kuskuren lamba ba. Ta miƙa bakin biro ta nuna allon ba tare da ta taɓa shi ba.

"Ga su nan, ɓeraye goma sha biyu. In da irin da muke zato ne, layi ɗaya za a gani a ƙasa, kowannensu. To, biyu ne kawai suka ba da haka. Bakwai suna da layi biyu, sama da ƙasa. Ukun nan na ƙarshe kuwa na sama kaɗai gare su."

"Na sama kaɗai."

"Wato ba abin da aka cire musu. Ɓeraye ne lafiyayyu kamar na kowa."

Dokta ta jawo kujera ta zauna. Agogon bango ya nuna tara da minti ashirin na safe. Ƙarfe huɗu na yamma wa'adin da mujalla ta ba ta zai cika.

Shekara huɗu da suka wuce cibiyar ta karɓi ɓeraye shida daga ƙasar waje, maza uku mata uku, baƙaƙe wuluk, a cikin akwati mai ƙofofin iska. An cire musu ƙwayar halitta guda ɗaya tun daga kakanninsu. A kansu Dokta ta gina duk aikinta. Ta nuna cewa in aka sa musu ciwon ƙoda, suna warkewa fiye da sauran ɓeraye, ta kuma rubuta cewa rashin wannan ƙwaya ce dalili. Masu bitar mujallar su uku sun yaba. Na ukun ne kawai ya ƙara jimla ɗaya a ƙarshen bayaninsa: a haɗo da hoton gwajin da ya tabbatar da irin ɓerayen. Ta ɗauka aikin rabin yini ne, shi ya sa ta bar shi sai makon ƙarshe.

"Ko sinadaran ne suka lalace?"

"Sababbi na buɗe."

"Ko kin haɗa bututun wani da na wani?"

Tabarau ta cire gilashinta ta goge da gefen farar rigarta. "Dokta, ni na yanki kunnensu da hannuna. Na kuma yi wani gwajin da ba ki sa ni ba, na tantance tsatso. Akwai jinin wani iri dabam a jikinsu. Ba kaɗan ba."

"Wane iri?"

"Ban sani ba tukuna. Amma ba daga akwatin nan ya zo ba."

Dokta ta tashi, ta ɗauki takardar, ta fita ba ta rufe ƙofa ba.

Ɗakin dabbobi yana can ƙarshen dogon baranda, a hawan ƙasa. Ta sa riga da hula da takunkumi da safar hannu, ta tsoma takalmanta a ruwan magani, ta tura ƙofa ta biyu. Warin garin katako da fitsarin ɓera ya tare ta. Kejuna jere a kan kantoci na ƙarfe, hawa shida, kowanne da katinsa a gaba. A cikinsu baƙaƙen ɓeraye suna ta kai da kawo, masu ƙiba, gashinsu na sheƙi.

Mai kula da ɗakin yana tsaye yana canza kwalaben ruwa. Dattijo ne siriri, shekara talatin da ɗaya a wurin, saura wata bakwai ya yi ritaya. Tun daga shugaban cibiyar har masu shara, Baba suke ce masa.

"A'a, 'yata, yau da wuri haka? Ko kin zo yi wa jikokina albishir sun shiga mujalla?"

"Baba, ina kwana."

"Lafiya lau. Dubi na keji ashirin da biyu, jiya ta zubo tara. Tara! Ko ɗaya bai mutu ba."

Ta tsaya tana kallon 'ya'yan, jajaye, tsirara, sun cure a kusurwa. Lokacin da ɓerayen suka zo, mace ba ta haifar fiye da uku ko huɗu, rabinsu kuma ba sa kai yaye. Daga baya abin ya gyaru. Ta tuna ta rubuta a rahoton shekara cewa sabon abincin da aka sauya ne ya jawo hakan.

"Baba, wani ɓera ya taɓa shigowa ɗakin nan daga waje?"

Ya ajiye kwalbar. "Ɓeran gida? A ɗakina? Haba 'yata. Ko ƙuda sai ya nuna takarda."

"Ba na gida ba. Na wani ɗakin. Ko namiji ya tsere ya faɗa wani keji, ko an musanya kati."

"Ban taɓa musanya kati ba tun da nake." Ya dube ta ta saman takunkumi. "Me ya faru?"

"Gwaji ya nuna ba su ba ne."

"Ba su wa ba?"

"Ba ɓerayenmu ba ne, Baba. An gauraya su."

Dattijon ya juya ya dubi kantocin tun daga sama har ƙasa, kamar wanda aka ce masa gidan da ya kwana a ciki ba nasa ba ne. Ya je ga tebur ɗin da ke bakin ƙofa, ya jawo aljihu, ya fito da littattafan aikinsa guda huɗu masu baƙin bango. Ya buɗe na biyu, ya kai yatsa baki zai lasa, ya tuna da takunkumi da safar hannu, ya fasa.

"Ba abin da ya taɓa shigowa nan," ya ce, "in ban da uwar raino."

"Wace uwar raino?"

"Ta keji na sha bakwai. Ga shi nan na rubuta."

Ta karɓi littafin. Rubutunsa ne, manyan baƙaƙe a tsaye. Uwa ta mutu bayan haihuwa. 'Ya'ya huɗu. An kai su ga mai shayarwa daga ɗakin sama. An sanar da Dokta.

Ta dubi kwanan watan. Ba ta buƙaci lissafi ba. Kwana shida ne bayan ta haifi autarta.

"Kin manta?" Baba ya ce. "Lokacin sun kusa ƙarewa. Sauran matan biyu sun daina haihuwa, wannan ce kaɗai ta rage, ta haihu da safe, kafin azahar ta mutu. Na kira ki a waya, ina jin kukan jaririya a bayanki. Kika ce, Baba, yi duk abin da za ka yi, kada su mutu."

Ta tuna. Ta tuna har da tawul ɗin da ke kafaɗarta a lokacin.

"To ai ƙa'ida farar uwa ake sa wa," ta ce. "Fara, don a bambanta nata da namu."

"Na sani. Na bi ɗakunan nan kaf, babu fara mai shayarwa ko ɗaya a ranar. Sai baƙa guda a ɗakin sama, wurin masu binciken ƙashi, ta haihu da kwana ɗaya. Tana da shida. Na cire mata biyu, na goga wa namu garin katakon kejinta don kada ta ji baƙon wari, na zuba mata su. Ta karɓe su, baiwar Allah. Ko cizo ba ta yi ba."

"Ka bar nata huɗu a ciki."

"In ka kwashe nata duka, nono yakan ɗauke."

"Ka yi musu alama?"

"Na ɗiga wa namu shuɗin tawada a wutsiya." Ya sauke murya. "Uwar ta lashe. Kwana biyu babu ko ɗigo."

"To da aka zo yaye, yaya ka gane namu?"

"Takwas ne, uku suka mutu a mako na biyu, saura biyar. Na san namu, 'yata. Kunnensu ya ɗan fi tsayi, kuma ba sa son a ɗaga su. Na ware huɗu na ce su ne."

"Huɗu. Wato ka ɗauka duk ukun da suka mutu nata ne."

Ya sunkuyar da kai kan littafin.

"Namu da ko a wurin uwarsu rabi ke mutuwa."

"Na ga sun yi ƙiba," ya ce a hankali. "Na yi murna. Daga nan kuma duk wanda zan haɗa aure, sai in zaɓi mai ƙiba, mai kuzari. Haka aka koya mini tun ina saurayi."

Dokta ta dafa kanta. Shekara uku ana zaɓar masu ƙarfi, ana haɗa su da masu ƙarfi. Kowane zagaye jinin uwar raino yana ƙaruwa, na akwatin yana raguwa, katin gaban keji kuwa yana ɗauke da suna ɗaya. Ɓerayen ɗakin sama gauraye ne, an san su da juriya, ba sa ciwo da wuri. Duk gwajin ƙodar da ta yi, bayan wannan rana ta yi shi.

"Amma ai da ana yankar kunne a gwada," Baba ya ce. "Da an ci gaba, da tuni an gani."

Ba da gatse ya faɗa ba. Ya buɗe bangon littafin na farko, inda ya manne wata 'yar takarda da ta fara ja. Ta gane sa hannunta tun kafin ta karanta. Tunda uwa da uba duk iri ɗaya ne, a dakatar da gwajin kunne. Ɓata lokaci ne da kayan aiki. Wata biyu kafin ta tafi hutun haihuwa ta rubuta.

Wayarta ta yi ƙara a aljihu. Ta fita baranda ta zare safar hannu. Mijinta ne.

"Uwargidan ɓeraye, an tura?"

"Tukuna."

"To ki hanzarta. Yayarki ta kira ni, wai za ta zo da yara da yamma a taya ki murna. Abbanki kuma tun safe yake gaya wa maƙwabta 'yarsa ta gano maganin ƙoda. Na ce masa ba magani ba ne, ya ce ni me na sani, malamin lissafi."

"Ka ce wa Yaya ta bari sai wani lokaci."

"Lafiya? Muryarki wani iri."

"Ka ɗauko Auta daga makaranta. Zan yi yamma."

"Wani abu ya mutu ne?"

"A'a," ta ce. "Duk suna nan da ransu. Lafiyarsu ƙalau."

Ofishin Farfesa yana hawa na biyu, mai tagogi biyu da tukunyar fure da ba a cika ba ta ruwa ba. Shi ne shugaban sashen, sunansa ne na ƙarshe a jerin marubutan takardar. Ya saurare ta yana juya cokali a kofin shayi. Da ta kai kan uwar raino, cokalin ya tsaya.

"Innalillahi," ya ce. Ya karɓi hoton, ya kai shi kusa da fuska, ya nisantar. "Wa ya gani?"

"Ni da Tabarau. Sai Baba."

"Shekara nawa?"

"Uku da wata biyu."

"Duk sakamakon?"

"Duka, ranka ya daɗe."

Ya tashi ya je taga, ya dawo, ya sake zama. Goshinsa ya yi gumi duk da sanyin ɗakin.

"Mu yi tunani da kyau. Ɓerayen sun warke ko ba su warke ba?"

"Sun warke."

"Ke kika ƙirƙiri lambobin?"

"A'a."

"To. Abin da kika gani, kin gani. Mutumin nan hoto ya nema. Ga biyu sun fito daidai. Akwai ɓeraye sama da ɗari a ƙasa, in aka bi su za a samu goma sha biyu masu layi ɗaya kafin ƙarfe uku. Ba ƙarya muka yi ba, ɓerayenmu ne, daga ɗakinmu. Daga baya sai mu tsabtace zuriyar a tsanake, mu maimaita."

"In muka maimaita bai fito ba fa?"

"Sai mu san abin yi a lokacin."

"Akwai cibiyoyi biyu da suka rubuto suna son mu aika musu ɓerayen."

"Sai mu ce ba su kai yawan rabawa ba." Ya matsa kofin gefe. "Dokta, ki saurare ni. Ke ce ta farko a sashen nan da ta kai wannan mujalla. Kwamitin ƙarin girma zai zauna wata mai zuwa. In kika janye yau, ba za a ce an yi kuskure a ɗakin dabbobi ba, cewa za a yi matar nan ba ta san ɓerayenta ba. Kin san bakin mutanen wurin nan."

"Ai ban san ɓerayen ba."

"Kada ki yi mini wannan maganar." Ya nuna littafin Baba da ke hannunta. "In ma ta kai ga bincike, ga inda laifin yake. Ya karya ƙa'ida, da hannunsa ya rubuta. Baƙa a kan baƙa! Ko ɗan koyo ba zai yi ba."

Ta buɗe bangon littafin farko ta ajiye masa a kan tebur. Ya karanta 'yar takardar, leɓɓansa na motsi. A ƙasan sa hannunta akwai wani sa hannun, da koren biro, da kalma ɗaya: Na amince.

Farfesa ya daɗe yana kallon koren rubutunsa.

"Wannan takardar," ya ce, "ba dole ta zauna a littafin ba."

"Baba ya manne ta da gam."

Ta ɗauki littattafan ta fito. Bai kira ta ba.

A ofishinta ta zauna gaban kwamfuta. Takardar na buɗe, shafi ashirin da shida, da jadawali bakwai. Ta gangara zuwa na huɗu, wanda ta fi so, inda layin ɓerayenta ya haura sama ya bar na sauran a ƙasa. Ta yi wata takwas a kan wannan jadawali kaɗai. Ranar da ya fito, ta buga shi ta kai gida ta nuna wa mahaifinta, ya sa aka yi masa firam, ya rataye a bango.

Har yanzu yana iya zama gaskiya. Yana iya kasancewa waɗanda suka warke ɗin su ne masu layi ɗaya. Yana kuma iya kasancewa jikokin wata baƙar ɓera ce daga ɗakin sama, wadda ba ta da ko suna a takardar.

Ƙarfe ɗaya da rabi aka ƙwanƙwasa. Tabarau ce, da faranti a rufe.

"Ba ki ci komai ba."

"Ajiye."

"Farfesa ya kira ni tun sha biyu." Ta tsaya a bakin ƙofa. "Ya ce in sauka in yanki kunnen arba'in, in kawo masa sakamako kafin uku."

"Me kika ce?"

"Na ce injin yana cin awa huɗu." Ta gyara gilashinta. "Awa biyu yake ci."

Dokta ta dube ta. A karo na farko tun safe ta ji wani abu mai kama da dariya ya taso mata, bai dai fito ba.

"Baba fa?"

"Yana zaune a bakin ɗakinsa. Ya ce in tambaye ki ko ya ci gaba da ba su abinci."

"Ya ba su mana. Su me suka yi?"

Ta juya ga allon, ta buɗe sabon saƙo zuwa ga editan mujallar. Ta rubuta jimla huɗu. Gwajin da mai bita na uku ya nema ya nuna cewa zuriyar ɓerayen ta gauraya da wani iri. Gaurayar ta faru kafin a fara gwaje-gwajen. Ba za ta iya tsayawa a kan sakamakon ba a halin yanzu. Tana janye takardar. Ta karanta sau ɗaya, ta gyara waƙafi, ta sa adireshin Farfesa a layin kwafi. Ta kai minti guda yatsanta na kan maɓallin kafin ta danna.

Ba abin da ya faru. Fanka na juyawa, wani yana jan kujera a ofishin sama.

"Kin tura?" Tabarau ta tambaya.

"Na tura. Ƙodojin da muka cire, duk muna da su?"

"Kowane ɓera da guntunsa. Suna firiza ta uku."

"Za a iya gwada su a san wane ne wane?"

"Za a iya. Amma Dokta, in aka gwada, shi ke nan an sani."

"Ɗauko makulli."

Ɗakin firizoji ƙarami ne, ba taga, injuna biyar suna gurnani. Tabarau ta sa manyan safar hannu masu kauri ta ja murfin ta uku. Farin tururi ya zubo ƙasa ya lulluɓe musu ƙafafu. A ciki akwatunan kwali ne jere, ƙanƙara ta kama gefensu, kowanne da lambar rukuni a rubuce da hannun Dokta.

"Ɗari da tamanin da shida ne," Tabarau ta ce. "Ƙoda ta fi kunne cin lokaci, ashirin da huɗu nake iya yi a rana. Kwana takwas, in wuta ba ta yi mana halinta ba. Mu fara daga rukuni na ɗaya?"

Wayar Dokta ta fara ƙara a aljihu. Ta duba, Farfesa ne. Ta mayar da ita tana ƙarar.

"Fara da na huɗu."

"Waɗanda suka fi warkewa?"

"Su."

Tabarau ta kankare ƙanƙarar da babban yatsa har lambar ta fito, ta zaro akwatin ta miƙa mata. Dokta ta karɓa da hannu biyu. Ta manta ba ta sa safar hannu ba, sanyin ya kama mata yatsu kamar wuta, amma ba ta ajiye ba sai da ta kai shi kan tebur.